Kotun da Katafila Ba Ta Iya Rushewa

Gabatarwa

Bahaushe yana kiran injin nan mai ture ƙasa da rushe gini da sunan katafila. Kalmar ta samo asali ne daga Caterpillar, kamfanin Amurka da ke ƙera shi. Duk wanda ya taɓa ganin rusau ya san halin wannan injin: ba ya jin magiya, kuma abin da magidanci ya shekara ashirin yana ginawa, kafin a gama sallar azahar ya mai da shi tsibin ƙasa. Ranar Lahadi 16 ga Maris, 2003, wata katafila mai sulke samfurin D9 ta sojojin Isra'ila ta bi ta kan wata Ba'amurkiya mai shekara 23, Rachel Corrie, a garin Rafah da ke kudancin Zirin Gaza. A lokacin tana tsaye ne a gaban gidan wani Bafalasɗine mai harhaɗa magunguna, sanye da riga ruwan lemo mai ƙyalli, tana neman hana a rushe shi.

Tun daga wannan shekara, duk 16 ga Maris mutanen garinsu na Olympia, babban birnin jihar Washington, suke taruwa domin tunawa da ita da kuma jaddada haƙƙin Falasɗinawa. Ana irin wannan taro a wasu biranen duniya. Akwai masu yi wa tarukan kallon ihu bayan hari, akwai kuma masu ganin an fifita ran Baturiya ɗaya a kan rayukan dubban Larabawa. Wannan maƙala tana ja da duka ɓangarorin biyu. Hujjarta ita ce, tun da kotunan Isra'ila da na Amurka sun rufe ƙofa, taron jama'a shi ne kotun da ta rage a buɗe, kuma rufe ta daidai yake da amincewa da hukuncin da aka yanke ba tare da adalci ba.

Yadda aka rufe ƙofofi

Kafin mutum ya raina taron tunawa, ya kamata ya san hanyoyin da iyayen Rachel, Cindy da Craig Corrie, suka bi tukuna. Ba su fara da kwalaye da zanga-zanga ba. Firaministan Isra'ila na lokacin, Ariel Sharon, ya yi wa Shugaba George W. Bush alkawarin cikakken bincike na gaskiya a bayyane. Abin da ya biyo baya shi ne rundunar sojan ta binciki kanta, ta kuma wanke kanta, ta ce direban bai ga yarinyar ba. Abokan gwagwarmayarta da suke wurin sun shaida cewa tana inda ba za a kasa ganinta ba. Jami'an gwamnatin Amurka da kansu, har da jakadanta a Isra'ila a 2012, sun ce binciken bai cika alkawarin da aka ɗauka ba. Amma Amurka ba ta buɗe nata binciken ba, alhali kuwa 'yar ƙasarta ce aka kashe.

A 2005 iyayen suka shigar da ƙara a Isra'ila, suna neman diyyar dala 1 kacal tare da kuɗin shari'a, domin duniya ta san ba dukiya suke nema ba. Sai a 2010 aka fara sauraron shaidu a kotun Haifa, kuma direban katafilar ya ba da tasa shaida ne daga bayan labule, ba a bar iyayen sun ga fuskarsa ba. Ranar 28 ga Agusta, 2012, alƙali Oded Gershon ya yanke hukunci cewa hatsari ne da ita ta jawo wa kanta, kuma gwamnati ba ta da alhaki domin abin ya faru ne a lokacin aikin yaƙi. A 2015 Kotun Ƙolin Isra'ila ta yi watsi da ɗaukaka ƙarar.

A Amurka ma sun kai ƙarar kamfanin Caterpillar, tare da wasu iyalan Falasɗinawa da aka rushe wa gidaje. Dalilin da kotun ɗaukaka ƙara ta bayar a 2007 wajen korar ƙarar ya cancanci a tsaya a kansa. Ta ce tun da gwamnatin Amurka ce ta biya kuɗin katafilolin a ƙarƙashin tallafin soja, yanke hukunci a kan lamarin tsoma baki ne cikin manufofin ƙasashen waje, wanda ba hurumin kotu ba ne. Wato alƙalan sun mayar da maganar ga 'yan siyasa, su kuwa 'yan siyasa ba sa jin kira sai na masu zaɓe. To, ina masu zaɓe za su haɗu su yi wannan kira in ba a zauren gari ba?

Ga masu cewa ihu bayan hari ne

Ihu bayan hari shi ne wanda ake yi bayan maharan sun tafi. A Rafah kuwa ba su tafi ba. Gidan da Rachel ta tsaya a gabansa an rushe shi daga baya. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, a rahotonta na Oktoba 2004, ta ƙiyasta cewa cikin shekara huɗu an rushe gidaje sama da 2,500 a Zirin Gaza, kusan kashi biyu cikin uku a Rafah, kuma mutum 16,000 a garin sun rasa matsuguni. Isra'ila ta ce tana neman ramukan da ake fasa-ƙwaurin makamai ta cikinsu daga Masar. Rahoton ya nuna an riƙa rushe unguwanni ne domin faɗaɗa fili a bakin iyaka, ko da rami ko babu. Shekara ashirin bayan haka, a Mayun 2024, sojojin suka sake afka wa Rafah, lokacin da mutum fiye da miliyan ɗaya suke fake a cikinta, kuma yau mafi yawan garin kufai ne.

Kashe masu shaida ma bai tsaya ba. Cikin makonni bakwai da mutuwar Rachel aka harbi 'yan Birtaniya biyu a Rafah, Tom Hurndall da James Miller. A Mayun 2022 aka harbe 'yar jarida Shireen Abu Akleh a Jenin. Ranar 6 ga Satumba, 2024, aka harbe Ayşenur Ezgi Eygi mai shekara 26 a ƙauyen Beita kusa da Nablus. Ita ma daga jihar Washington ta fito, ita ma tare da ƙungiyar da Rachel ta yi wa aiki take, kuma a wannan karon ma rundunar sojan ta ce ba da gangan ba ne. Abin da ya sa mutanen jihar suka gane wannan amsa nan take shi ne shekara ashirin da ɗaya da suka yi suna karanta wa juna labarin ta farko. Al'ummar da ta manta, kullum a sabon abu take ɗaukar tsohon uzuri.

Akwai darasi a shari'ar Hurndall. Da farko rundunar sojan ta musanta laifi. Iyalansa suka tattara shaidu da kansu, suka hana jaridu da gwamnatin Birtaniya sakat, har aka gurfanar da sojan da ya harbe shi, aka ɗaure shi shekara 8 a 2005. Ba rahamar hukuma ce ta kawo wannan hukunci ba, naci ne. Wanda ya ce naci ba ya haifar da komai, sai ya kawo mana wata hanyar da marar bindiga da kujerar mulki yake da ita.

Abin da ƙaramin gari ya iya

Mazauna Olympia ba su kai 60,000 ba, amma tarukansu sun haifi ayyuka da za a iya nunawa. Iyayen sun kafa Gidauniyar Rachel Corrie ta Zaman Lafiya da Adalci, wadda ke shirya laccoci da tallafa wa ayyukan jama'a. Mutanen garin sun ci gaba da ƙudurin da Rachel ta tafi da shi na ƙulla zumunci tsakanin Olympia da Rafah. Da majalisar birnin ta ƙi amincewa da shi a hukumance a 2007, sai suka riƙe zumuncin a tsakaninsu, suka kuma zana katafariyar bishiyar zaitun a bangon wani gini a tsakiyar gari, wadda ƙungiyoyi da masu zane daga wurare da dama suka yi wa ganyaye. A Rafah kuma matasa sun shekara da shekaru suna buga gasar ƙwallon ƙafa ta watan azumi da sunanta.

A Yulin 2010, kantin abinci na haɗin gwiwar jama'ar Olympia ya yanke shawarar daina sayar da kayan Isra'ila. Kayan ba su taka kara sun karya ba, 'yan abubuwa ne a kan kanta. Duk da haka aka maka shugabannin kantin a kotu a 2011, aka yi ta jan su shekaru kafin a kori ƙarar. Haka nan a 2006, wani gidan wasan kwaikwayo a New York ya ɗage nuna wasan da Alan Rickman da Katharine Viner suka tsara daga rubuce-rubucen Rachel, bayan ya samu karɓuwa a Landan. Jama'a suka mayar da martani da taruwa a cocin Riverside suna karanta kalamanta a fili, kuma kafin ƙarshen shekarar wasan ya hau dandamali a wani gidan. Idan waɗannan abubuwa wasan yara ne, me ya sa ake ɗaukar lauyoyi domin hana su? Ba a jifan bishiya sai mai 'ya'ya.

Ga masu cewa an fifita Baturiya

Wannan suka ya fi na farko nauyi, domin akwai gaskiya a cikinsa. Duniya ta haddace sunan Rachel, amma Falasɗinawan da aka kashe a Rafah a wannan wata sun shiga lissafi a matsayin adadi. A Satumban 2024 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta fitar da jerin sunayen mutum sama da 34,000 da aka kashe, kuma shafukan farko na jarirai ne da ba su cika shekara ba. Mutum nawa ne zai iya ambatar biyar daga cikinsu? Wannan rashin daidaito abin kunya ne ga duniya.

Sai dai ya kamata a tuna cewa Rachel ta san da wannan bambanci, kuma a kansa ta gina tafiyarta. Dabarar ƙungiyarsu ita ce baƙo mai fasfo na ƙasa mai ƙarfi ya tsaya tsakanin soja da Bafalasɗine, da fatan darajar da duniya ke ba fasfonsa za ta zama garkuwa ga wanda ba a daraja nasa. Ta ari gatan da aka haife ta da shi ta miƙa wa maƙwabci. Taron da ya yi amfani da sunanta domin buɗe kunnen Ba'amurke, sannan ya zuba masa labarin Rafah da Jenin da na yarinya Hind Rajab, ya ci gaba da aikinta ne. Taron da ya tsaya kan hotonta da kyandir da hawaye, aka watse ba a ambaci gida ko ɗaya da aka rushe ba, shi ne ya cancanci sukan, domin ya mai da ita waliyyiya ya binne abin da ta mutu a kansa.

Saboda haka akwai ma'auni da za a auna kowane taro da shi. Shin an ba Falasɗinawa abin magana, ko a kansu kawai ake magana? Shin an faɗa wa mahalarta cewa ƙasarsu na ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 3.8 duk shekara, bisa yarjejeniyar 2016? Shin an tashi da buƙata takamaimai da za a kai wa ɗan majalisa? Shin an tsare harshe daga ƙiyayyar Yahudawa? Wannan na ƙarshe wajibi ne, domin rigimar ta ƙasa ce da haƙƙi da doka. Rachel ba Balarabiya ba ce, ba kuma Musulma ba, sannan ƙungiyoyin Isra'ilawa irin su B'Tselem suna cikin waɗanda suka fi kowa tattara bayanan rusau. Wanda ya mai da taron fagen zagin wani addini ya ba masu katafila kyautar da suka fi so.

Kammalawa

An kashe Rachel Corrie kwana huɗu kafin Amurka ta mamaye Iraƙi, lokacin da hankalin duniya ya koma Bagadaza. Bisa al'ada, labarinta ya kamata ya mutu cikin mako guda. Abin da ya hana shi mutuwa shi ne iyaye biyu da maƙwabtansu da suka ƙi karɓar kalmar "hatsari", suna hayar zaure, suna jera kujeru, suna maimaita shaidar da alƙalai suka ƙi ji. Kotun Haifa ta rufe fayil, ta Amurka ta ce ba huruminta ba ne, amma ba a taɓa rufe shari'ar da jama'a suka ƙi mantawa da ita ba. Duk ranar da aka zo lissafin abin da aka yi wa Rafah, za a nemi shaidu, kuma za a same su ne a hannun waɗanda ake yi wa dariya yau don sun ƙi daina taruwa.