Filin Kimiyya da Fasaha: Sunan Kuskure Kaɗai Ba Ya Wadatarwa

Mai rubuta manhajar kwamfuta ba ya ƙago kome daga tushe. Kowane harshen kwamfuta yana da rumbunsa, watau tarin ƙananan ayyukan da aka riga aka tsara, kamar buɗe fayil, da karanta shi, da rubutu a cikinsa. Idan ɗaya daga cikin ayyukan nan ya faskara, littafin jagoran rumbun ne kaɗai zai gaya wa mai aiki abin da ya auku.

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a ɗakunan binciken Bell na Amurka wajen 1972, al'adar ita ce a ba kowace matsala lamba da suna. A tsarin Unix da danginsa, lamba 2 ita ce ENOENT, ma'ana babu fayil ɗin. 13 ita ce EACCES, babu izini. 28 kuwa ENOSPC, faifai ya cika. Waɗannan duk a fili suke. Amma lamba 5, EIO, ba ta cewa kome sai dai an sami kuskure wajen shigar da bayani ko fitar da shi.

Wannan duhu ya jawo ɓarna. A 2018 masu kula da PostgreSQL, manhajar ajiyar bayanai da kamfanoni da hukumomi masu yawa ke dogara da ita, suka gano wani rami da suka shekara da shekaru suna tafiya a bakinsa. Akwai umarnin da ake kira fsync, mai tabbatar da cewa abin da aka rubuta ya sauka a kan faifai sosai. Su a zatonsu, idan ya kawo EIO sai a sake kiransa, in ya ce lafiya, to shi ke nan. Ashe a tsarin Linux, da zarar an sanar da kuskuren sau ɗaya, sai a ɗauki abin da ya kasa rubutuwa tamkar an gama da shi. Kira na biyu ya ce lafiya lau, alhali kuwa bayanin ya salwanta. A FreeBSD ba haka ba ne, ana riƙe shi a sake gwadawa.

Ba a ce wani ya yi ƙarya ba. Ƙa'idar POSIX ta ambaci EIO, ta kuma ce in umarnin ya gaza babu tabbacin an kammala rubutun. Abin da ba ta faɗa ba shi ne halin da aka bar bayanin a ciki, da ko sake gwadawa na da amfani. Nan ne sakacin marubuta jagora yake, domin jera sunaye aiki ne mai sauƙi, bayyana abin da ke biyo baya shi ne mai wuya.

A watan Fabrairu na 2019 aka fito da gyara: duk lokacin da fsync ya gaza, PostgreSQL takan tsaya cik nan take, sannan ta sake gina bayanan daga kundin da take rubuta kowane canji a ciki tun kafin ta aiwatar da shi.