Ɗanɗana Giyar Inabi Shan Giya Ne, Ya Kai Ɗan Ci-rani

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, wani matashi daga ƙasar Buza da ke aiki a gidan cin abinci a Abijan ya aiko mana da tambaya. Mai gidansa yana son ya koyi bambanta jar giyar inabi da fara, domin ya riƙa ba baƙi shawara. Ya ce shi ba mashayi ba ne, kurɓa ɗaya zai yi ya tofar, ko da laifi? Na ga dacewar in amsa a fili, domin da wuya ka sami gari a Madawa, Buza ko Kaita da ba shi da ɗa a Abijan, Libiya ko Turai, kuma da yawansu suna haɗuwa da wannan jarrabawa suna jin nauyin tambaya.

Fara sanin abin da ke cikin kofin. Ana matse ƴaƴan inabi, a bar ruwan ya ruɓa har zaƙinsa ya rikiɗe ya zama barasa. Idan aka bar shi ya jiƙa tare da ɓawon baƙin inabi sai ya fito ja. Idan aka raba shi da ɓawon sai ya fito fari. Bambancin a launi ne da ƙamshi, amma mai sa mayen ɗaya ne, kuma galibi yana tsakanin kashi 11 da 14 cikin ɗari. Masu sha'awarta a Faransa da Italiya suna ɗaga kofi su dubi launi, su jujjuya, su shinshina, su kurɓa, su ambaci yankin Bordo ko shekarar girbi. Duk wannan ado bai fitar da ita daga sunan da shari'a ta ba ta ba, wato hamru. Ita da burkutun da kake ƙyama hukuncinsu ɗaya.

Ka tuna cewa Allah ya hana ta mataki-mataki. A suratul Baƙara aya ta 219 ya bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A suratun Nisa'i aya ta 43 ya hana kusantar salla cikin maye. Sannan a suratul Ma'ida aya ta 90 ya yanke hukunci, ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya yi umarni da a nisance ta. Nisanta ta fi barin haɗiya faɗi: wanda ya kai kofi leɓensa bai nisanta ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha lokacin da labarin haramcin ya iso, nan take aka zubar da ita har ta kwarara a lungunan Madina. Ba a ruwaito cewa wani ya nemi kurɓar ban-kwana ba.

Za ka ce kurɓa ɗaya ba ta bugarwa. Haka ne, amma hadisin Jabir da Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar ya toshe wannan ƙofa: duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Za ka ce mai azumi yakan ɗanɗana gishirin miya ya tofar. Malaman Malikiyya sun karhanta masa hakan alhali miyar halal ce, yaya kuma abin da haramun ne dare da rana? A mazhabarmu giya najasa ce, bakin da ta taɓa sai an wanke shi. Rangwamen da suka yi shi ne ga wanda loma ta shaƙe, yana tsoron halaka, bai sami wani ruwa ba. Neman ƙwarewa ko faranta wa mai gida bai kai wannan lalura ba.

Kai da ka fito daga Adar ka fi kowa sanin yadda ƙasa ke zaizayewa. Kwazazzabon da ya cinye gona ya faro ne daga ƴar tsagar da ruwa ya yi a damina ɗaya. Shi ya sa tun da aikin raya karkara na Kaita ya fara a 1984, iyayenmu mata suka yi ta dakon duwatsu a ka suna jerawa a kan tudu, domin a tare ruwan tun bai yi ƙarfi ba. Haka al'amarin giya yake. Babu mashayin da ya fara da kwalba. Da kurɓa ya fara, cikin dariya, a gaban abokai.

Na san abin da ke damunka shi ne abinci. Gida na jiran aike, rumbu bai kai ga sabuwar kaka ba, kana tsoron idan ka ƙi a sallame ka. Wannan tsoro ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai hadisin Anas da Tirmizi da Ibnu Majah suka kawo ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kanta, cikinsu har da mai ɗaukarta, mai shayar da ita da mai cin kuɗinta. Don haka ka je wurin mai gidanka cikin ladabi ka ce addininka ya hana ka, ka roƙi a mayar da kai kicin, wanke-wanke ko gadi. Idan bai yiwu ba, ka fara neman wani aiki tun yau. Ƴan'uwanka na zango, masu sayar da albasa da masu tura kaya, su taimaka maka da hanya, wannan ma haƙƙi ne a kansu.

Idan an miƙo maka kofi a wajen liyafa, ka yi godiya ka nemi ruwa ko lemo, kuma ka tashi daga teburin da ake zagaya ta. A bukukuwanmu kuma, inda kwalaben ruwan inabi masu kumfa suka fara yawa, ka karanta jikin kwalba kafin ka buɗe. Wadda aka rubuta mata «sans alcool» daban take da wadda aka rubuta 11% ko 12%. Ruwan inabin da bai ruɓa ba halal ne, haka zoɓo da kunu da fura mai tsami muddin ba su kai ga sa maye ba. Kada mu haramta abin da Allah ya halatta.

Ku kuma iyaye da kuke karɓar aike a Madawa da Buza da Kaita, ku riƙa tambayar ƴaƴanku irin aikin da suke yi, kada ku matsa musu har su kai hannu ga haramun. Wanda ya riga ya ɗanɗana, kada ya yanke ƙauna: ya yi nadama, ya daina, ya ƙudurta ba zai koma ba, kuma ya rufa wa kansa asiri.

Allah ya tsare matasanmu a duk inda suke neman halal, ya sa albarka a guminsu, ya dawo da su gida da imaninsu. Wallahu a'alam. Ka tura wa ɗan'uwanka da ke ci-rani.