Mai Wankin Kuza Ba Ya Gaggawa

'Yan'uwa manoma da masu sana'a, sau da yawa mukan ji matasa suna cewa wanda ya ci gaba sa'a ce ya taka. Saboda wannan tunani, waɗansu sun bar gona, waɗansu sun bar makaranta, suna jiran ranar da za su haƙo arziki gaba ɗaya. Mu dai ba mu yarda da wannan ba, kuma tarihin Riruwai ya ishe mu shaida.

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, mutanen Riruwai suna narka kuza, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Ba injiniya ne ya koya musu ba. Sun lura cewa a cikin yashin rafi akwai wani baƙin tsakuwa mai nauyi. Ba su wuce shi ba, suka tambayi kansu ko mene ne. Nauyin kuza ya fi na yashi sau biyu har da ɗori, shi ya sa in an juya ƙwarya a hankali, ruwa yakan tafi da yashi ya bar kuza a ƙasa. Mai gaggawa yakan zubar da duka. Mai haƙuri yakan tara kaɗan yau, kaɗan gobe.

A watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya faɗi a kasuwar London, kamfanoni da yawa suka rufe, ma'aikata suka koma gida. Kuɗin kuza ya tafi. Amma halin da ya gano kuzar bai tafi ba, kuma shi ne muke so mu kai gona. Hali uku ne.

Na fari, mu riƙa tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Don me wuta-wuta take cinye masara a wannan gefen gona ta bar wancan? Wanda ya tambayi malamin gona zai ji cewa tsiro ɗaya na wuta-wuta yana zubar da dubban 'ya'ya, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Zai kuma ji cewa in an shuka waken suya, 'ya'yan sukan tsiro su rasa abin kamawa su mutu. Daga nan zai san dalilin cire ta kafin ta yi fure, da dalilin juya shuka.

Na biyu, mu kama abu ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Kada mu sake iri, mu sake taki, mu sake tazarar shuka duk a shekara ɗaya, domin ba za mu san wanda ya yi amfani ba. Mu ware kunya 10 a gefen gona, mu gwada sabon abu guda a ciki, sauran gonar mu bar ta yadda muka saba. Da kaka sai mu auna da mudu ɗaya. Haka masana suke yi a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ba wani sihiri a ciki.

Na uku, mu mai da shi al'ada. Tun 2016 da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Nijeriya, manoman Doguwa da Tudun Wada sun ga bambancin wanda yake zaga gonarsa da wanda yake aike. Wanda yake leƙa cikin kan masara sau biyu a mako yakan tarar da tsutsa tun tana ƙarama. Wanda ya jira har ganye ya huhhuje, yakan sayi magani mai yawa, amfanin kaɗan. Haka kuma mu ajiye ɗan littafi, mu rubuta ranar ruwan fari, ranar shuka, yawan taki, da buhun da aka samu. Bayan damina 3 littafin nan zai zama malaminmu.

Wani zai ce, "Ni ban yi karatu ba." To, ɗanka ko 'yarka mai zuwa firamare za ta rubuta maka, ku biyu ku ƙaru. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980, kuma furfura ba ta hana shiga aji. Wani kuma zai ce ba shi da lokaci. Zagayen gona da rubuta layi biyu ba su kai tsawon hirar dandali ba.

Gaskiya ne, hali nagari ba zai rage kuɗin taki ba, ba zai gyara hanya ba. Waɗannan za mu ci gaba da neman su wurin hukuma. Amma lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ɗaya aka ba kowa, waɗanda suka duƙufa koyon noman rani su ne suka ci moriyarsa.

Saboda haka, kafin ruwan bana ya sauka, kowane mai gida ya zaɓi tambaya ɗaya game da gonarsa, ya ware kunyoyin gwaji, ya sayi littafi da fensir. Da kaka mu zauna mu gwada abin da kowa ya gani. Allah ya ba mu damina mai albarka.