Ƙungiyoyin 'Yan Fensho: Daga Ƙofar Baitulmali Zuwa Inuwar Darbejiya

Duk wanda ya ratsa Dutsin-Ma ko Kurfi bayan sallar La'asar ba zai rasa ganin dattawa zaune a inuwar darbejiya ba, rediyo na tsakiyarsu. A cikinsu akwai tsohon hedimasta, da malamin gona, da malamin asibiti, har da wanda ya kama aiki tun zamanin En'e. Wannan majalisa ba ta da sakatare balle littafin rajista, amma a nan ne ake jin wanda aka biya giratuti, da wanda takardunsa suka maƙale a Katsina, da wanda ke kwance ba lafiya.

A ƙasashen Turai, kaɗaici ne ya haifi wasu daga cikin ƙungiyoyin masu ritaya. A Ingila, 'yan ƙungiyar Rotary ne suka fara kulob ɗin Probus a 1965 da 1966, domin tsofaffin ma'aikata su riƙa haɗuwa su ci abinci tare. A Faransa kuwa, Farfesa Pierre Vellas ya buɗe wa dattawa ajin karatu a Jami'ar Tulus a 1973. Labarin Amurka ya fi kama da na Nijeriya, don kuwa Ethel Andrus ta kafa ƙungiyar malamai masu ritaya a 1947 ne bayan ta tarar da wata tsohuwar malama tana kwana a akurkin kaji saboda talauci.

A ƙasar Hausa dattijo bai cika rasa abokin hira ba, ga masallaci, ga zaure, ga jikoki. Abin da ya tara masu ritaya wuri guda shi ne neman hakkinsu. 'Yan mazan jiya ne suka fara, bayan sun komo daga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1964 aka kafa musu ƙungiya ta ƙasa bisa doka. Dokar fensho ta 1951 mutane ƙalilan ta shafa. Sai da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata sama da 10,000 a 1975, sa'an nan jama'a suka farga cewa mutum na iya wayar gari ba ofis alhali da sauran ƙarfinsa. A 1978, lokacin da aka sake tsarin ƙungiyoyin ƙwadago, aka sami Ƙungiyar 'Yan Fensho ta Nijeriya, a shekarar da ta biyo baya kuma aka yi Doka ta 102 kan fensho.

A wancan zamani ranar biya ita ce ranar taro. Tun da sassafe 'yan fensho ke cika ƙofar baitulmali daga ƙauyuka, a gaisa, a yi jaje, a haɗa gudummawa ga iyalan wanda ya rasu. Da biya ya koma banki, saƙo na shigowa ta wayar hannu, an huta da layi, amma taron ya watse. Abin da ya rage shi ne ranar tantancewa, wadda ba mai zuwanta da fara'a. Dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ƙara raba su, tun da kowane ma'aikacin da ta shafa da asusunsa yake. Gona ma, wadda da ita ce madogarar mai ritaya, hare-haren 'yan bindiga sun raba da yawa da ita a wannan yanki tun wajen 2019.

Majalisa ba ta iya rubuta wa gwamnati takarda, alhali sashe na 210 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a riƙa duba fenshon ma'aikatan jihohi duk shekara biyar, ko duk sa'ad da aka ƙara albashi. Ƙungiya ce kaɗai za ta iya bin wannan, ita kuwa ba ta ƙarfi idan sai ranar kuka ake tunawa da ita. An sa hannu kan dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, amma Abuja da nisa. Ɗaki guda a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, da kujeru, da jaridu, da ma'aikacin lafiya mai auna hawan jini sau ɗaya a wata, ba zai gagari Dutsin-Ma ko Kurfi ba. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, masu yawon neman wanda zai ba su tarihin En'e da na ginin madatsar ruwa ta Zobe, su ma za su san ƙofar da za su yi sallama.