Idan aka canza mudu, lissafi ma ya canza

Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta turo mini wani labari a WhatsApp, wai wata cuta ta ninka a wata ƙasa cikin shekara guda. Hankalinta ya tashi. Na tambaye ta, "Maman Ummi, masu cutar ne suka ƙaru, ko kuwa yadda ake ƙirga su ne ya canza?" Ta yi shiru. Wannan tambayar ce nake so mu tattauna a kanta yau.

Da yawanmu muna zaton gwamnati gida-gida take bi tana ƙirga marasa lafiya. A ƙasashen da inshorar lafiya ta kafu, babban kaso na alkaluman daga takardun neman biyan kuɗi ake samo su. Asibiti ya yi wa mutum magani, sai ya rubuta wa hukumar inshora abin da ke damunsa da abin da aka yi masa, domin a biya shi. Kowace cuta tana da lambarta. Daga baya gwamnati ta tattara takardun ta fitar da ƙididdiga. Kenan takardar da aka tsara don karɓar kuɗi ita ce ta zama mudun auna lafiyar al'umma.

Ga abin da ya faru a Amurka. Suna da inshorar gwamnati mai suna Medicare, wadda galibi take kula da waɗanda suka kai shekara 65. Dokar lafiya ta 2010 ta kawo tsarin cin tarar asibitocin da majinyatansu ke yawan dawowa gado cikin kwana 30 bayan sallama. An fara da masu bugun zuciya, da masu gazawar zuciya, da masu namoniya. Tarar ta soma aiki a Oktoban 2012, kuma a yanzu tana iya kai kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ake biyan asibiti. Ba a jima ba alkaluma suka nuna dawowar majinyata ta ragu, aka yi ta yaba wa tsarin.

Sai dai akwai wani abu da ya faru a gefe. A 2011 an sauya fom ɗin neman biyan kuɗi na kwamfuta. A da, cututtuka kusan 10 kawai ake iya rubuta wa majinyaci guda, sai aka buɗe gurbi har 25. Ita kuwa gwamnati ba ta duba adadin masu dawowa kawai, tana la'akari da tsananin jinyar waɗanda asibitin ke karɓa, don kada a zalunci asibitin da ke fama da masu jin jiki sosai. Da gurabe suka ƙaru, sai ga hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda da a da ba su da wurin shiga duk sun bayyana a takarda. Tsohon da ke kwance bai canza ba, amma a lissafi ya zama mai tsananin ciwo, asibitin kuma ya zama kamar ya yi abin a zo a gani. Wani bincike da mujallar Health Affairs ta wallafa a 2019 ya gano cewa idan aka cire tasirin sauyin fom ɗin, kusan rabin raguwar da aka yi murna da ita ya ɓace.

Haka kuma a ranar 1 ga Oktoban 2015 Amurka ta koma sabon kundin lambobin cututtuka, daga lambobi kusan 14,000 zuwa kusan 68,000. Tun daga nan masana ke jan kunne kan kwatanta alkaluman kafin ranar da na bayanta kai tsaye.

Me ya haɗa mu da wannan? A Najeriya dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohi ma suna da nasu hukumomin. A tsarin, ƙananan jinya ana biyan asibiti ne bisa yawan mutanen da suka yi rajista da shi, sun zo ko ba su zo ba. Manyan ayyuka kamar tiyata kuwa sai an rubuta an nema kafin a biya. A bayyane yake cewa abin da rubuta shi ke kawo kuɗi ya fi samun kulawar alƙalami. Yayin da iyalai ke ƙara shiga inshora, takardunmu za su ƙara nauyi wajen yanke shawarar inda za a kai magani, ungozoma da kuɗi. Idan mudun ya karkace, rabon ma zai karkace.

Don haka abu biyu nake roƙonku. Na farko, idan kin ga labarin cewa cuta ta ƙaru ko ta ragu farat ɗaya, ki dakata kafin ki tura wa 'yan'uwa, ki nemi sanin ko hanyar ƙirgar ce aka sauya. Na biyu, ki kula da abin da ake rubuta miki. Ki tambayi likita ko nas sunan ciwon da aka sa a fayil ɗinki ko na ɗanki. Ki adana katin awo da na rigakafi da takardar sallama. Idan kin ga an rubuta aikin da ba a yi miki ba, ki yi magana cikin ladabi a gyara, domin likitan gobe da wannan rubutun zai yi aiki.

Ke fa, kin taɓa duba abin da aka rubuta a takardar sallamarki? Ki ba mu labari a ƙasa. Sai mako mai zuwa, Allah ya ƙara mana lafiya da zuri'armu.