Laifinmu ne, ba na kwamfuta ba

Mu samari masu rubuta ma 'yan kasuwa porogaram na lissafin shago, akwai wani sakaci da ya kamata mu yi ma kanmu faɗa a kai.

A yaren C, in muka jera garuruwa, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai, kwamfuta daga sifili take fara ba su lamba: Maraɗi 0, Damagaram 1. Sai mu sa sharaɗi cewa in lambar gari na nan, a rubuta biyan mutum. To, a wurinta 0 "babu" ne. Shi ke nan, duk ɗan Maraɗin da ya biya, kuɗinshi ba su shiga lissafi ba, kuma ba wani gargaɗi. Gobe mai shago ya ce ba a biya ba, a yi ta rantse-rantse kan jika biyar, zumunci ya ɓaci.

Maganin ba wuya: mu bar ma "babu" lamba 0, garuruwa su fara daga 1. Sannan mu gwada kowane gari ɗaya bayan ɗaya kafin mu miƙa aiki. Dukiyar mutane ce, amana ce a wuyanmu. Ko ba haka ba?