Darar Yamma Ba Zaman Kashe Wando Ba Ce

Yana ba ni haushi in ji ana kiran majalisar 'yan dara zaman kashe wando. Wanda ya taɓa tsayawa bayan la'asar a gindin darbejiya a Gumel ko Gagarawa ya san ba haka ba ne. Gurabu 30 a haƙe cikin rairayi, wannan da tsakuwa 12, wancan da guntayen kara 12. Sai ka jera uku za ka ci ɗa guda, alhali dattijon da ke gabanka ya hango inda ka dosa tun kuna zubi. Wannan ai lissafi ne da haƙuri. A nan ake jin yadda shanu suka yi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, da yadda riɗi ya tashi a Sule Tankarkar. In wane ya kwana biyu bai leƙo ba, a nan za a tashi yaro ya dubo ko lafiya. Abu ɗaya na ƙi: a aza kuɗi, wasa ya koma caca. Samarin da ludon waya ya ɗauke kuwa, dattawa su matsa musu wuri, su koya musu zubi.